Littafin Baba Ya Rame

Harstad, farkon Oktoba

Ƙanwata Torunn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa tsibirin lafiya, kuma teku bai juya miki ciki kamar bara ba. Mu nan lafiya lau. Baba yana ci, yana barci, hawan jininsa ya ɗan sauka. Idon dai kin san yadda yake, yanzu ko hasken taga ba ya gani. Ya ce ki riƙa sa hular ulu idan za ki fita sakin balan-balan ɗinki na auna iska, wai shekara arba'in ba ta hana mutum mura. Ya kuma ce kada ki wahalar da kanki da waya, na'urar kunnensa kuka kawai take yi masa. Takarda yake so, ya riƙe a hannu, ni in karanta masa.

To, maganar sababbin littattafan sararin samaniya da kika bar mana. Torunn, kin cuce mu. Na ɗauki na farko, mai hoton kumbo a bango, muka fara da murna. Kumbo ya tashi, an bar duniya a baya, inji ya fara wata ƙara da ba a gane mata ba. Baba har ya gyara zama. Sai matuƙiyar kumbon ta tara ma'aikatanta. Na zaci maganar inji za ta yi, ashe lacca ce. Shafi bayan shafi tana bayanin yadda kakanninmu suka ɓata duniya, da wanda ya danne wa, da sunan da ya kamata a kira kowa da shi. Injin kuwa yana can yana ci da wuta. Baba ya ce, “Kai Eivind, idan wa'azi nake so ai na san hanyar coci. Wai ina dodon yake ne?”

Na biyu ma haka. Na ukun ya fi su, don shi dodon ma da ya fito, zama ya yi ya koya wa mutane zaman tare.

Ba wasa nake yi ba, abin yana ƙona min rai. Tun da matata Marit ta kwashe kayanta ta tafi, kamfanin kifi kuma ya sallame ni, duk inda na juya ana nuna min cewa irina ne matsalar duniya. Rediyo ya faɗa, talabijin ya faɗa. Awa ɗaya kawai nake nema a yini, ni da ubana, mu tafi wata duniyar da babu mai yi mana faɗa. Wannan ma ya gagara.

Na sami wani zaure a intanet, na mutane masu irin damuwata. Suna karanta sababbin littattafai da kallon finafinai, su gaya wa juna wanda yake da tsabta da wanda siyasar 'yan zamani ta shiga. Masu tsabtar ba su taka kara sun karya ba. Amma wani dattijo daga garin Bergen ya ba ni shawara. Ya ce mai karanta wa makaho ai littafin a bakinsa yake, me zai hana in riƙa tsallake wa'azin? Na gwada. Matuƙiya ta buɗe baki, na juya shafi, sai ga mu a ɗakin inji. Baba ya tafa, ya ce yanzu marubuciyar ta dawo hayyacinta.

Ki rubuto da wuri, yana tambayarki kullum.

Yayanki,
Eivind

Tashar yanayi, ƙarshen Oktoba

Eivind,

Na gaishe ka, ka kuma gaishe min da Baba, ka ce masa hular tana kaina har a gado. Lafiyata ƙalau, sai leɓe da ya tsage. Rana ta kusa yi mana sallama, yanzu leƙowa kawai take yi ta koma. Mu tara ne a tashar. Mai dafa mana abinci ya rantse zai ciyar da mu miyar kifi har bazara, kuma da alama zai cika alkawari.

Wasiƙarka ta ba ni dariya har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Dodon da ya koyar da zaman tare! Na yarda, wannan littafin ni ma da ƙyar na kai ƙarshensa. Wasu marubutan ba su yarda mai karatu yana da kai ba, sai sun tauna sun ɗura masa. Ka tsallake abinka, ni ma tsallakewa nake yi. Sai dai 'yan zauren nan naka, ka riƙa shan iska tsakaninka da su. Mutumin da yake karatu yana farautar laifi ba ya rasa samu.

Amma me ya kai ku wahala da sababbi? Ga tsofaffin littattafan Baba can jere a kan katakon hanyar bene. Ka ɗauko masa Masu Haƙar Ƙanƙara, mai koren bango. Ka tuna? Mutanen da suke haƙo ƙanƙara a wani wata mai nisa can sararin samaniya, kamfani yana sayar wa kumbuna ruwan, su kuma yana auna musu iskar shaƙa da cokali. Ka tuna babin zaman rami, inda suka kashe injuna suka zauna a ƙarƙashin ƙasa suka ce ba za su fito ba, tsohuwa Kessa tana raba musu kwalaben iska? Baba yana zuwa wurin sai muryarsa ta canza, ya bugi tebur har kofuna su yi tsalle. Mama ta ce, “Oddvar, yajin aikinku na ma'aikatar jiragen ruwa ya ƙare tun kafin a haifi yaran nan, ka bar min teburina.”

Washegari kuma mu shige ƙarƙashin teburin, ni da 'ya'yan Borghild maƙwabciyarmu, mu ne masu haƙa. Kai kuwa kullum kai ne manajan kamfani, an ɗaura maka laktayen Baba, kana tsaye a waje kana roƙonmu mu fito. Har yau idan na tuna fuskarka sai na yi dariya.

Ka karanta masa wannan. Zai ji daɗi.

Ƙanwarka,
Torunn

Harstad, tsakiyar Nuwamba

Torunn,

Da fatan kina lafiya, leɓen kuma ya warke. Baba lafiya, ya ɗan rage ci amma ba abin damuwa ba. Dusar ƙanƙara ta sauka, na share hanya har bakin titi.

Na bi shawararki, na ɗauko koren littafin. Farkonsa daɗi, ba ƙarya. Sanyi, duhu, injuna, mutum da aikinsa. Amma da na leƙa gaba na ga babin nan naku, sai na ga ashe cutar tsohuwa ce. Wa'azin nan dai ne, ya sa tsofaffin kaya. Mai kamfani mugu, ma'aikaci waliyyi. Ga shi likita ta ce a guje wa abin da zai tayar masa da jini. Sai na juya shafukan na wuce.

Ban kai layi uku ba ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Ina zaman rami?”

Na gaji a ranar, Torunn. Na wanke shi, na yi girki, na kwashe dusar ƙanƙara. Ba ni da ƙarfin gardamar ƙungiyar ƙwadago. Sai na ji bakina ya ce, “Wane zaman rami, Baba?”

“Kai, kada ka raina min hankali. Kessa da kwalaben iska.”

“Babu wata Kessa a nan. Ko wani littafin kake tunawa?”

Ya yi dariya, ya ce ni dai tun ina yaro ba na iya karatu sai da tsalle. Ya ce ba komai, ranar Alhamis Borghild za ta zo, ita za ta karanta masa, ya kunyata ni a gabanta. Kin san Baba idan ya kama mutum da laifi, sai ya shekara yana ba baƙi labari.

Babobin littafin suna ne da su, ba lamba ba. Ranar Laraba na ɗauki reza na cire babin daga gindi, na bi sauran wuraren da sunan tsohuwar ya fito na gyara su, na shafa gam siriri. Aikin ya yi kyau, ko ke ba za ki gane ba. Shafukan na sa su a murhu.

Borghild ta zo da wainarta, ta sa tabarau, ta karanta daga inda ya ce har inda ya ce. Ta ce, “Oddvar, ni fa ban ga wani rami ba.” Ya ce ta koma baya. Ta koma. Ya ce a miƙo masa littafin. Ya riƙe shi a tafin hannu yana aunawa, ya shafa bayansa, ya ce, “Ya rame.” Borghild ta dube ni, na girgiza mata kai. Ta dafa shi ta ce, “Duk haka muke, tsufa ne. Ni jiya a firiji na sami makullina.”

Bai ci wainar ba. Amma ki ji abin mamaki, tun ranar gidan ya yi lafiya. Mun gama littafin babu bugun tebur, mun shiga wani. Shi ma na ɗan duba shi da reza kafin mu fara.

Kada ki ɗaga hankalinki. Ke da kanki kika ce in tsallake abina.

Eivind

Tashar yanayi, farkon Disamba

Eivind,

Ina fata kana lafiya, ina fata Baba yana lafiya. Ni lafiyar jiki ina da ita, amma tun da jirgin ruwa ya kawo wasiƙarka abinci ba ya shiga min.

Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, ina neman wurin da za ka ce wasa kake yi. Ban samu ba. Na ce ka tsallake laccar matuƙiya a littafin da Baba bai taɓa sani ba. Ban ce ka dubi makaho, ubanka, ka ce masa abin da ya sani babu shi ba. Kai ma ka san ba ɗaya ba ne, shi ya sa ka ƙona shafukan ba ka ajiye su a aljihun tebur ba.

Ka san me ya rage wa Baba? Ido ya tafi, kunne saura kaɗan, Mama tana maƙabarta, ma'aikatar jiragen ta zama wurin ajiye motoci. Abin da ke cikin kansa kaɗai ya rage masa. Can yake zuwa idan ka fita cefane ka bar shi a kujera. Yanzu ka shiga can ɗin ma da reza.

Ban damu da ra'ayinka kan ƙungiyar ƙwadago ba. Ka tsane ta, ka tsani marubutan zamani, ka zage su a zaurenku har gari ya waye. Ka ce wa Baba, “Babin nan haushi yake ba ni, ba zan karanta ba.” Zai yi maka ihu, ku yi faɗa, ya kira ka ɗan jari-hujja, ku sha kofi. Haka gidanmu yake tun asali.

Na buga wayarka ba ka ɗauka. Na turo saƙo ta kwamfuta, shiru. To ga wannan, ka karanta masa shi yadda na rubuta, kada ka taɓa ko kalma ɗaya.

Baba, Torunn ce. Babin zaman rami yana nan, ba ka manta komai ba. Kessa tana da yatsu uku a hannun hagu. Da kwalaben iska suka kusa ƙarewa, ta ce ita ta riga ta shaƙi rabonta, alhali ƙarya take yi. Kai ka karanta mana shi a kicin, kana buga tebur. Kanka lafiya lau yake, Baba. Littafin ne aka yanka.

Eivind, idan ka karanta masa wannan, magana ta mutu, ba zan sake tayar da ita ba har abada. Ka gaishe shi, ka ce ina yi masa barka da Kirsimeti tun yanzu.

Torunn

Tashar yanayi, tsakiyar Janairu

Yayana Eivind,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kun shige ta lafiya. Ni ina nan, duhu ne kawai ba dare ba rana, iska kuma ta kwana biyu tana neman cire mana rufi.

Jirgi ya zo ya tafi. Kowa a tashar ya sami wasiƙa ko ɗan ƙunshi, ni na tsaya a bakin buhun wasiƙun har aka zazzage shi.

Na kira Borghild. Kafin in ce komai ta fara yabonka, wai samun ɗa irinka sai an tona, wai ko ƙofar gida ba ka bari Baba ya taka shi kaɗai. Ta ce ta daina zuwa ranar Alhamis, don ka ce mata baƙi suna rikita shi. Sannan ta rage murya ta ce, “Kin dai ji an kai shi wajen likitar ƙwaƙwalwa ko?” Na ce mata littafin yanka shi aka yi. Sai ta ce, “Torunn, 'yar nan, duhun can yana taɓa mutum. Kina shan man kifinki kuwa? Ni da idona na karanta littafin.”

Na kira asibitin. Suka ce sunanka ne a rubuce a matsayin mai kula da shi, ba za su yi magana da kowa ba sai kai. Na je wurin shugaban tasharmu na ce zan tafi gida. Ya ce babu wanda zai karɓe ni kafin Afrilu, kuma jirgin da ya tafi shi ne na kusa da ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe mashigar teku. Ya tambaye ni ko wani ne yake bakin mutuwa. Na juya na fita.

Na yi ta tunanin laktayen nan. Ni a wurina wasa ne. Ban taɓa tsayawa na ga cewa kullum kai ne a waje ba, mu muna ciki, Baba kuma yana dariya yana ce mana kada mu fito. Ka yafe min. Na kuma san ni na gudu tsibiri na bar ka da wanki da girki da ɗaga tsoho daga baho. Idan na dawo zan karɓe ka, ka tafi inda kake so ka huta, ka karanta abin da ranka yake so.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka rubuto min layi ɗaya, ka ce ka karanta masa. Tsoro nake ji, Eivind.

Ƙanwarka,
Torunn

Harstad, Fabrairu

Torunn,

Gaisuwa, da fatan iskar ta lafa. Wasiƙunki biyu sun iso. An ce wannan jirgin ne na ƙarshe, shi ya sa na zauna in ba ki amsa. Mu lafiya lau. Rana ta dawo, tana taɓa bakin tagar kicin da hantsi. Hawan jinin Baba bai taɓa yin kyau irin na yanzu ba, likita har ta yaba min.

Maganar likitar ƙwaƙwalwa, ba ni na kai shi ba, shi ya nema. Bayan koren littafin mun karanta wasu tsofaffin guda huɗu, kuma a kowanne yana tuna abin da babu shi. Ranar nan ya ce, “Eivind, kai ni a duba ni.” Likitar ta yi masa tambayoyi, ya amsa wasu daidai. Amma shi da bakinsa ya gaya mata yana ganin mutane da wurare a kansa, dalla-dalla, har da yawan yatsunsu, alhali ba su taɓa wanzuwa ba. Ta rubuta. Ta ba shi ƙwayoyi, yana sha da safe.

Kin ce in gaya masa gaskiya. Na yi niyya, wajen Kirsimeti. Na zauna a gabansa da wasiƙarki a hannu. Sai ya juyo ya ce, “Eivind, ma'aikatar jiragen nan, na yi aiki a can da gaske ko?” Na ce ƙwarai, Baba. Ya ce, “Yajin aikin fa?” Na ce ni dai ban taɓa ji ba. Ya gyaɗa kai ya ce, “To. Na gode, ɗana.”

Ba za ki gane ba, don ke ya saba saurara. Shekara arba'in da biyar ina gidan nan, ban taɓa faɗar abu Baba ya ce to ba. Ko ruwa na ce ana yi sai ya leƙa taga. Yanzu kafin ya yarda da komai sai ya tambaye ni. Ba ya ihu, ba ya zagin gwamnati, ba ya kirana ɗan jari-hujja. Da yamma in karanta masa kumbo da taurari da dodanni, labari tsantsa, ya yi murmushi har barci ya ɗauke shi. Abin da na yi ta nema a zaure ban samu ba, ga shi a falonmu. Na ma daina shiga zauren.

Wasiƙarki ta Disamba na karanta masa gaisuwar da barka da Kirsimeti, sauran na tsallake. Ta Janairu na duba daga sama har ƙasa ban ga abin da zan iya karanta masa ba, ban da iska da rufi. Sai na bar ta. Da farko yana tambaya ko jirgi ya zo. Daga baya ya daina.

Shekaranjiya ina yanka masa burodi da cuku, ya kira ni a hankali, irin kiran mai jin kunya. Ya ce, “Kada ka yi min dariya. Akwai wata yarinya da nake gani, mai jar hula, tana sakin balan-balan a wani tsibiri mai duhu, ita kaɗai, tana auna iska. Abin ya yi kama da littafi. Eivind, ina da 'ya, ko ita ma ni na ƙago ta?”

Na ce ya sha kofinsa kada ya huce.

Ban ba shi amsa ba tukuna. Zai sake tambaya, wataƙila gobe, wataƙila jibi, kuma duk abin da na ce masa shi ne. Afrilu da sauran nisa. Idan ƙanƙara ta buɗe, jirgin wasiƙu zai riga naki zuwa. Ki zauna ki rubuto masa wasiƙa mai daɗi, ta yanayi da tsuntsaye da miyar kifi, wadda zan iya karantawa tun daga gaisuwa har sa hannu ba tare da na tsallake komai ba. Zan yi ƙoƙari in jira ta.

Ki riƙa sa hularki.

Yayanki,
Eivind